Yadda ake buga Kingdom Come: Deliverance ba tare da ka yi zuciya ka ajiye pad ba

Wanda zai fara lakaɗa maka duka a wannan gem ɗin wani mashayi ne mai suna Kunesh. Babanka maƙeri ya aike ka karɓo bashin kuɗin gatari da guduma da ƙusoshi a wurinsa, shi kuma ya ce ba shi da ko sisi. Idan ka ɗaga masa hannu, akwai yiwuwar ka koma gida da kumburarriyar fuska, mahaifiyarka ta zaunar da kai ta yi maka magani. A nan mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa gem ɗin ba shi da kyau. Ni ma na kusa ajiye shi a daren farko, kuma da na yi babbar asara. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, Henry, yaron da kake riƙe da shi, bai iya komai ba. Bai iya riƙe takobi ba, bai iya harbi ba, ko karatu bai iya ba. Za ka koya, shi ma zai koya, kuma sai koyon nan biyu sun haɗu sannan faɗa zai fara yi maka daɗi.

Kamfanin Warhorse Studios na ƙasar Cek ne ya fitar da gem ɗin ranar 13 ga Fabrairun 2018, ana buga shi a kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One, daga baya a 2024 ya zo Nintendo Switch. Labarin yana faruwa a daular Bohemiya a shekarar 1403. Sarki Charles na Huɗu ya rasu tun 1378, ɗansa Wenceslaus na Huɗu ya gaje shi amma ya kasa riƙe ƙasa, sai ɗan'uwansa Sigismund, sarkin Hangari, ya kama shi ya tsare, ya shigo da rundunar sojojin haya. A cikinsu akwai Cumans, mahaya dawakai 'yan asalin ƙabilun Turkawa da suka zauna a Hangari. Garinsu Henry, Skalitz, yana da ma'adinin azurfa, shi ya sa aka far masa. Wannan harin ya faru da gaske, garuruwan da za ka zaga irin su Rattay da Sasau da Talmberg ma suna nan har yau. Babu tsafi a ciki, babu dodanni, babu takobin da ke fitar da wuta. Mutane ne da ƙarfe.

Kafin ka kunna

Ka tanadi gurbi mai yawa, domin gem ɗin yana cin gigabait gommai, a kwamfuta kuma yana son RAM aƙalla gigabait 8. Da zarar ka sauke shi ba ya buƙatar intanet, kai kaɗai kake bugawa. Ka kunna rubutun magana a ƙasan allo, saboda rabin aikin a cikin hira yake. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi zai same shi a cikin harsunan da aka tanada. Kada ka zaɓi matakin Hardcore, wato mai tsananin wuya, a bugun farko.

Abu ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu: na manya ne, an yi masa alamar shekara 18. Yana nuna rayuwar Turawan wancan zamani yadda take, da mashaya da caca da jini, da wasu wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba. Yawancinsu kana iya kauce musu, amma ba gem ba ne da za ka miƙa wa ƙaninka ɗan firamare ka fita.

Sebin, tun kafin takobi

Na sa wannan a gaba saboda shi ya fi ƙona mini rai. Gem ɗin ba ya barin ka yi sebin, wato ka adana inda ka kai, duk lokacin da ka so. Yana yi da kansa a wasu gaɓoɓin labari, yana yi idan ka yi barci a gadonka ko gadon da ka kama haya a masauki, sai kuma idan Henry ya sha wani ruwa da ake kira Saviour Schnapps, wanda yake da tsada a kasuwa. Akwai kuma zaɓin yin sebin a lokacin fita daga gem, wanda aka ƙara bayan 'yan wasa sun koka.

Wata rana na shafe kusan awa biyu ina yawo a daji, na samu kwalkwali mai kyau da sulke daga jikin wani ɗan fashi, ina hanyar komawa gari aka ɗauke wuta. Duk ya tafi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na barin gari sai na yi barci ko da na awa ɗaya ne, ba na tunkarar sansanin 'yan fashi sai da kwalba biyu a jaka. Mu da wutar lantarki ba ta da tabbas a wurinmu, wannan dokar ta fi kowace dabarar faɗa muhimmanci. Can ƙasa zan nuna yadda za ka riƙa haɗa ruwan da kanka, kuɗinka ya huta.

Awannin farko: ka gudu

A Skalitz ka yi aiken babanka a natse. Ka sayo gawayi, ka karɓo abin da aka ce ka karɓo a fada, ka je wurin mai koyar da takobi a bayan gari ya nuna maka sara na farko. Ka yi hira da mutane, ka ɗan tsinki ganyaye a gefen hanya. Idan hari ya zo, kada ka tsaya. Sojan da ya biyo ka yana sanye da ƙarfe, kai kuma rigar zane ce a jikinka. Ka bi hanya da gudu, ka haye dokin da ka samu, ka nufi Talmberg, kana karkata hagu da dama saboda kibiya. Ba a tsara wurin don ka yi nasara ba.

Labari zai kai ka har ka farka a gidan injin niƙa na Peshek, kusa da Rattay, inda Theresa, wata budurwa daga garinku, ta yi jinyarka. Daga nan duniya take buɗewa, kuma a nan ne kuskure na biyu yake jira. Za ka ga taswira shimfiɗe ka ji kamar ka shiga daji neman dukiya. Ka danne zuciyarka. Ka bi babban labarin tukuna: ka je wurin Sir Radzig Kobyla, basaraken Skalitz, ka shiga hidimarsa, ka yi darasin farko da Kyaftin Bernard, shugaban dogaran Rattay, ka yi sintirin gari, ka raka matashin basarake Hans Capon farauta. Bayan wannan farautar ce za ka samu dokinka na farko, Pebbles, kuma Bernard zai yarda ya ci gaba da horar da kai. Idan labari ya ɗauke shi zuwa Neuhof, ka jira ya dawo filinsa. Wanda ya fita yawo kafin wannan, ƙafa yake takawa, kuma manomi biyu da sanduna sun isa su kashe shi.

Filin Kyaftin Bernard

A nan za ka daɗe, kuma a nan zan daɗe.

Idan ka fuskanci abokin gaba, wata alama mai kama da tauraro za ta fito a jikinsa, mai tsini biyar da ɗigo a tsakiya. Tsinin sama saran ka ne. Biyu na gefe saran kafaɗar hagu da ta dama ne, biyu na ƙasa kuma sara ne mai tasowa daga ƙasa. Ɗigon tsakiya na suka ne da tsinin takobi, sukar tana da maɓallinta daban. Da linzamin kwamfuta ko sandar dama ta pad kake zaɓar inda sara zai fito. Ka dubi inda abokin gabarka ya ajiye takobinsa. Idan ya riƙe shi ta dama, nan ya tsare, sai ka kai masa ta wani ɓangaren.

A ƙasan allo akwai layi biyu, ja da rawaya. Ja jininka ne, rawaya numfashinka. Duk sara da duk karewa suna cin numfashi. Muddin rawayan nan yana da saura kuma kana sanye da kayan ƙarfe, yawancin dukan da ya same ka numfashin yake ci. Ranar da ya ƙare, sara ya fara shiga nama. Kuma duk jinin da ka rasa yana rage iyakar numfashin da za ka iya tarawa, wato wanda aka ji wa ciwo yana saurin gajiya, mai saurin gajiya kuma yana saurin shan wani ciwon. Saboda haka kada ka yi ta danna maɓalli kamar mai daka. Sara biyu ko uku, ka ja baya, ka bar layin ya cika. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san ɗan damben da ya fito da zafi ya zubar da ƙarfinsa a turmin farko, yadda ake kwantar da shi a na biyu. Haka abin yake a nan.

Karewa hawa-hawa ce. Ta farko ita ce ka danne maɓallin karewa ka riƙe, Q a kwamfuta, L1 a PlayStation. Tana tare sara amma tana shan numfashi sosai. Ta biyu ita ce ka jira har ƙaramar garkuwa koriya ta bayyana a tsakiyar tauraron, ka taɓa maɓallin sau ɗaya a daidai lokacin. Wannan ba ta cin numfashi, kuma tana buɗe maka ƙofar mayar da sara nan take. Idan a daidai wannan lokacin ka matsa gefe maimakon ka kare, Henry zai goce, saran ya wuce iska.

Ta uku ita ce uwa uba, sunanta Master strike, kuma ba za ka iya ta ba sai Bernard ya koya maka da bakinsa, don haka ka riƙa tambayarsa har zaɓin ya fito. Ana yin ta da maɓallin karewa ɗin nan dai, amma da wuri kaɗan, a daidai lokacin da kafaɗar mutum ta motsa zai ɗaga hannu. Idan ka dace, Henry zai tare saran ya mayar da nasa a motsi ɗaya, kuma babu mai iya kare shi. Shawarar da ta canja mini komai ita ce: ka daina kallon alamar, ka kalli mutumin. Kafaɗarsa da ƙafarsa ta gaba suna gaya maka zai kawo sara kafin koriyar garkuwa ta fito. Na kwana uku ina kallon tsakiyar allo ina makara. Ranar da na mayar da idona kan kafaɗar Bernard, na dace sau huɗu a jere.

Ka sani su ma abokan gaba sun iya wannan dabarar. Ƙwararren soja yana jira ne ka kawo sara ya mayar maka. Da irinsu, haƙuri ne makami: ka bar shi ya fara.

Akwai yaudara. Ka danne maɓallin sara ta dama ka riƙe, idan ya kai takobinsa can, ka juya zuwa hagu ka saki. Akwai kuma haɗa ƙirji. Idan ka matsa jikinsa sosai za ku sarƙe kamar 'yan kokawa, wanda ya fi ƙarfi kuma ya riga danna sara shi zai ture ɗayan, ya samu damar duka kyauta. Da zarar ƙarfin Henry ya haura, wannan ta zama hanya mafi sauƙi ta fasa tsaron mai taurin kai. Jerin saran da ake haɗawa uku ko huɗu, waɗanda za ka gani a shafin ƙwarewa, suna da kyan kallo, amma a gaskiya ƙwararrun abokan gaba suna katse su tun a sara na biyu. Ka koyi ɗaya gajere, ka bar sauran sai daga baya.

Yadda za ka yi horon: ka ce wa Bernard kuna so da makaman katako, domin ba sa kisa kuma ba sa lalata kayanka. Ka yi ta yi har Henry ya gaji, ka je ka ci abinci, ka yi barci, ka dawo da safe. Kowane sara yana ƙara wa Henry ƙarfi da zafin nama da iya karewa, kuma za ka ji bambancin a hannunka, takobin da yake da nauyi zai fara sauri. Ka ba wannan kwana uku ko huɗu na cikin gem. Ka gwada dogon takobi, ka gwada gajere da garkuwa, ka gwada kulki da gatari. Ba ɓata lokaci ba ne. Idan ka fara kayar da Bernard sau biyu cikin uku, ka isa fita.

Wane makami, wace riga

Kowane makami yana da lamba uku: suka, yanka, da dukan nauyi. Kowace riga ma tana da kariya daga waɗannan ukun. Takobi yana yanka ɗan fashi mai rigar fata kamar kabewa, amma a jikin mai farantin ƙarfe sai dai ka ji ƙara. Shi wannan kulki ko gudumar yaƙi ake kai masa, musamman a ka. Ni a nawa bugun, kulki da garkuwa ne suka fi yi mini aiki daga tsakiyar labari zuwa ƙarshe, dogon takobi kuma na riƙe shi saboda daɗin riƙewa. Ka duba ƙarfin da makami yake buƙata kafin ka saya. Idan Henry bai kai ba, makamin zai yi masa nauyi ya rage amfani.

Kayan yaƙi hawa-hawa ake sa su, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke. To haka Henry zai shirya: rigar auduga mai kauri irin ta lifidi a ciki, ita ke shanye dukan kulki, sulke a kanta, shi ke hana yanka, farantin ƙarfe a waje. A ka ma haka, hular auduga, hular sulke, sannan kwalkwali. Kada ka sa ƙarfe a kan fata babu lifidi, kuma kada ka fita babu kwalkwali ko da na tsiya ne. Mai rufe fuska ya fi tsaro amma yana rage maka gani idan faɗa ya fara, sai ka zaɓa.

Kayan farko daga jikin waɗanda ka kayar za ka same su. Ka ɗauki masu tsada marasa nauyi, irin su safar hannu ta ƙarfe da kwalkwali, ka loda wa doki sauran. Idan kaya suka yi wa Henry yawa ba zai iya gudu ba, kuma wanda ba ya iya gudu a dajin nan ya gama yawo.

Ka riƙa gyara. Ana sayar da 'yan akwatunan gyara na maƙeri da na mai sulke da na tela da na baduku, ka yi amfani da su tun kaya ba su lalace sosai ba. Takobi kuma ka kai shi dutsen wasa wuƙa da ke gaban maƙera. Kana juya dutsen da ƙafa, kana karkata bakin takobin. Idan tartsatsi yana tashi, kana kan daidai. Idan baƙin hayaƙi ya fito, kana cinye kaifin ne, ka gyara karkatar.

Idan sun fi ɗaya

Tsarin faɗan an gina shi ne don mutum da mutum. Da zarar sun zama uku, ɗaya zai zagaya bayanka, kuma ba ka da ido a ƙeya. Abin yi shi ne ka yi ta ja da baya kana karkata, yadda za su jeru a gabanka ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi ƙofa ko gada ko tsakanin bishiyoyi. Ka fara da wanda ba shi da kwalkwali, yana faɗuwa da wuri, wani lokaci sauran su tsorata su zubar da makami. Wanda ya durƙusa ya nemi afuwa kana iya karɓe makaminsa ka sake shi, kuma ni haka nake yi.

Idan ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka yi fito, doki zai zo, ka hau ka tafi. Haka idan kana tafiyar sauri a taswira aka nuna maka wani abu a kan hanya, gawa ko mai neman taimako ko itace a gicciye, sau da yawa tarko ne. Sansanin 'yan fashi kuwa da dare ake zuwa masa. Ka tuɓe ƙarfe saboda ƙara, ka sa baƙaƙen kaya, ka lallaɓa ka shaƙe mai gadi ta baya, sauran suna barci.

Baka ba ta da alamar saiti a allo, hannun Henry kuma yana rawa. Kafin ƙwarewarsa ta kai mataki na 5, tsirkiya tana dukan hannunsa tana ji masa ciwo, sai ka sa masa kariyar damtse. Ka yi atisaye a filin harbi na Rattay, ko gasar harbin gungume a kogi a Ledetchko. Kibiya biyu a jikin mutum kafin ya iso gare ka sun rage rabin aikin.

Ciki, barci da wanka

Henry yana jin yunwa yana jin barci. Tukwanen miya da ke kan wuta a wurare da yawa suna ƙosar da shi, busasshen nama kuma shi ne guzurin tafiya domin ɗanyen abinci yana ruɓewa a jaka ya ba shi ciwon ciki. Kada ka cika masa ciki fiye da kima, yana rage numfashi. Ka riƙe bandeji koyaushe, domin zubar jini ba ta tsayawa da kanta. Ka wanke fuska a kwamin ruwa kafin ka shiga wurin manya. Mutane suna duban tufafinka: mai tsabta da kaya masu kyau ana saurarensa a fada, mai jini a riga kuma talakawa suna tsoronsa. Da dare a cikin gari ka riƙe tocilan wuta a hannu, in ba haka ba dogarai za su tare ka.

Karatu da haɗa magani

Da zarar ka samu doki da 'yan kuɗi, ka hau zuwa Uzhitz ka nemi magatakardan garin ya koya wa Henry karatu. Kafin haka, duk littafin da ka buɗe haruffansa a hargitse suke. Wannan ɗan wurin ya taɓa ni ƙwarai, ganin saurayi yana haɗa baƙi yana tuntuɓe, malam yana gyara masa, kamar yaro a gaban allo. Bayan ya iya, littattafai suna ƙara masa ƙwarewa, kuma littafin haɗa magunguna ya buɗe.

Teburin haɗa magani yana nan a wurin mai sayar da magunguna na Rattay. Akwai tukunya, zugazugi, turmi, da agogon yashi. Ga na sebin: ka zuba ruwan inabin da ke kan shiryayye a tukunya, ka jefa damƙi ɗaya na nettle, ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke ko'ina a bakin hanya, ka ja zugazugi ya tafasa tsawon juyin agogon yashi biyu. Ka daka damƙi biyu na belladonna, wani tsiro mai guba, a turmi, ka zuba, ka bar shi ya ƙara tafasa juyi ɗaya, sannan ka ɗura a kwalba. Belladonna ta fi wuyar samu, ka saye ta ko ka neme ta a cikin daji. Na warkar da rauni ya fi sauƙi: ruwa, nettle ɗaya a tafasa juyi ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba furen marigold biyu ba tare da an sake tafasawa ba. Wannan yana mayar da jini a hankali, don haka bayan faɗa ake shan sa, ko kafin a shiga. Idan ka ƙware, kwalabe fiye da ɗaya kake samu a dahuwa guda, ka sayar da rarar.

Kuɗi da doka

Kuɗin ƙasar groschen ne. Ana ciniki, kuma Bahaushe ba sai an koya masa wannan ba: ka taya, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan. Amma idan ka matsa wa ɗan kasuwa da yawa zai fasa, idan kuma kana bar masa ɗan ihsani zai riƙa yi maka sauƙi gaba. Kayan sata suna ɗauke da jar alama, 'yan kasuwar gari ba sa karɓa, dogarai kuma suna iya tsayar da kai su caje jakarka. Gem ɗin yana ba ka damar zama ɓarawo, kuma akwai kuɗi a ciki, amma sunanka yana ɓaci gari-gari. Ni na fi jin daɗin Henry mai cin guminsa: farautar 'yan fashi da Bernard yake ba da lada a kai, sayar da magani, da gasar faɗa ta Rattay da ake yi lokaci-lokaci, inda mai nasara yake samun kuɗi da wani yanki na kayan yaƙi masu kyau. Idan ka ci gasar ta hanyar kayar da wani mayaƙi mai suna Black Peter, ka shirya a hanyar komawa gidan niƙa, zai tare ka da takobi mai guba.

Wasu ayyukan ba sa jira. Idan aka ce maka mutane suna mutuwa da ciwo a ƙauyen Merhojed, to suna mutuwa ne da gaske yayin da kake tsinkar fure. Idan wani ya ce ku haɗu da asuba, ka je da asuba. Dabarar ita ce, kada ka karɓi aiki mai gaggawa sai ka shirya yin sa a lokacin.

Jarrabawar Pribyslavitz

Duk abin da ka koya za a tambaye ka shi a nan. Za a tura ka leƙen asirin sansanin da 'yan fashi da Cumans suka kafa a kangon ƙauyen Pribyslavitz. Idan ka iya lallaɓawa, ka zuba guba a tukwanensu ka ƙone kibiyoyinsu, yaƙin gobe zai yi sauƙi. Da ka dawo ba da rahoto, ka nemi a fito da mayaƙa da yawa. Kafin ka ce ka shirya, ka gyara kayanka duka, ka ci, ka yi barci, ka cika jaka da bandeji da maganin marigold, domin da an fara babu komawa gari.

A cikin yaƙin kada ka yi gaba kai kaɗai. Ka tsaya cikin mutanenka, ka riƙa saran waɗanda hankalinsu yake kan wani, ka adana jininka. A ƙarshe za ka hau saman tsohuwar majami'a ka tarar da Runt, ƙaton da ya ƙwace takobin babanka. Wurin matsattse ne, shi kuma yana da ƙarfi, amma kansa a buɗe yake babu kwalkwali. Ka ɗaure duk raunin da ke zubar da jini kafin ka hau. Ka bar shi ya kawo sara, ka mayar masa da abin da Bernard ya koya maka, duk damar da ka samu kuma ka kai ta sama, ko sara ko suka a fuska. Idan ka ga yana kashe ka sau biyar, sau shida, kuma Master strike ba ta zauna a hannunka ba, ka koma sebin ɗin da ka yi kafin yaƙin, ka hau Pebbles zuwa Rattay, ka ƙara kwana biyu a filin horo.

Kashi na biyu na gem ɗin ya fito ranar 4 ga Fabrairun 2025, ya ci gaba da labarin Henry da Hans Capon har zuwa birnin Kuttenberg, kuma an rage tsinin tauraron daga biyar zuwa huɗu. Ka gama na farkon kafin ka taɓa shi, domin daga inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka.